Caja ta nuna kore amma batiri ba ya jimawa

Ɗan'uwa, ka ce fitilar caja tana komawa kore, amma keken lantarkinka ba ya nisa sai batiri ya mutu. Fara auna cajar da mitar auna ƙarfin wuta kafin ka zargi batirin. Yawancin batiran litiyam masu ƙarfin wuta 48V (wato volt 48) suna cika ne a 54.6V, in cajar ba ta kai haka ba, ko kwana ya yi a jone ba zai cika ba.

In cajar lafiya take, to mai yiwuwa wani rukunin ƙwayoyin batirin ne ya raunana, shi ya sa allon kariyarsa, wato na'urar da ke cikin batirin don kare shi daga lalacewa, ke yanke wuta da wuri. Nawa ma haka ya yi, don da zafinsa nake jona shi in na dawo da rana tsaka. Yanzu sai ya huce a inuwa kamar minti 30 tukuna.