Wane suna ya dace da mace 'yar Ingila a zamanin Tudor?

Malama, kin ce kina rubuta labari kan Ingila ta ƙarni na 16, lokacin mulkin gidan sarautar Tudor, kina tambaya ko za ki iya kiran jarumarki Victoria Rose Hamilton. Gaskiya sunan bai shiga ba.

Victoria bai yaɗu a Ingila ba sai ƙarni na 19, kuma suna biyu kafin na iyali abu ne da ba a saba gani ba a lokacin. Daga 1538, da Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na 8, ya ba da umarnin kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, littattafan sun cika da 'yan sunaye ƙalilan: Elizabeth, Joan, Margaret, Agnes, Alice, Anne. Dubi matan Sarki Henry na 8 su shida: Catherine uku, Anne biyu, Jane ɗaya. Shi ya sa a gida ake bambanta masu suna ɗaya ta hanyar laƙabi irin su Bess (Elizabeth) ko Meg (Margaret) ko Nan (Anne).

Hamilton kuwa sunan Sikotland ne, inda a lokacin matan aure ke riƙe sunan gidansu. A Ingila mace na ɗaukar na mijinta. Rubutun ma ba tsayayye ba ne, Boleyn, sunan gidan matar Henry ta biyu, kan zo a matsayin Bullen. Ni dai Joan zan zaɓa.