Wace makaranta zan shiga in koyi gyaran bindiga?

Tambaya: Ina zaune a Amurka da takardar zama ta dindindin, sana'ata walda. Ina so in koyi gyaran bindigogin farauta. Akwai makarantun da ake zuwa a zauna, akwai kuma na intanet masu sauƙin kuɗi. Wacce za ku ba ni shawara?

Amsa: Malam, tafi inda za ka tsaya gaban inji da kanka. Yawancin aikin nan feƙe ƙarfe ne da awo, kuma kuskuren da ido ba ya gani shi ke jawo ɓarna. Ɗauki misalin tazarar da ke tsakanin gindin harsashi da ƙarfen da ke tokare shi a cikin bindiga. Da kashi ɗaya cikin dubu na inci ake auna ta. In ta yi yawa, kwanson harsashin zai iya tsagewa lokacin harbi, iska mai zafi ta feso wa mai harbin a fuska. In ta yi kaɗan, bindigar ba za ta rufu ba. Bidiyo zai nuna maka yadda ake aunawa, amma ba zai kama hannunka ya ce ka ci ƙarfen da yawa ba. Karatun intanet yana da amfani wajen sanin sassa da yadda suke aiki, iyakarsa ke nan a ganinmu.

Tsofaffin makarantun sun haɗa da Trinidad State College a jihar Colorado, wadda ta fara wannan kwas a 1947, ana yin shekara biyu. Colorado School of Trades da ke Lakewood tana ɗaukar kimanin wata 14, Pennsylvania Gunsmith School ta Pittsburgh kuma kimanin wata 16. Akwai kuma Murray State College a Oklahoma da Yavapai College a Arizona. Kwalejojin gwamnati sun fi sauƙi ga mazaunin jihar, baƙo kuwa ana ƙara masa kuɗi sosai.

Kafin ka biya ko sisi, ka ziyarci wurin. Ƙirga injinan feƙe ƙarfe, ka ƙirga ɗalibai. In mutum shida ke layi a kan inji ɗaya, rabin lokacinka a jira zai ƙare. Tambayi awa nawa ake yi a teburin aiki, nawa a aji. Nemi jerin kayan aikin da za ka saya da kanka, su magagari, ma'aunai, sukundireba na musamman, domin sau da yawa ba sa cikin kuɗin makaranta. Tabbatar makarantar tana da rajistar hukumar tantancewa, in ba haka ba babu tallafin karatu na gwamnatin tarayya. Waldarka za ta taimaka ƙwarai.

Shaidar kammalawa ba lasisi ba ce. Buɗe shago sai da lasisin FFL, wato lasisin gwamnatin tarayya na sana'ar bindiga, daga ATF, hukumar da ke kula da harkar bindigogi a Amurka: shekarunka su kai 21, ka biya dala 200 na shekara uku, sabuntawa dala 90.

Tambaya: Daga Kaduna nake. Zan iya zuwa can in koya, in dawo in buɗe shago?

Amsa: Ɗan'uwa, hanyar da wuya. Dokar Amurka ta hana mai bizar wucin gadi riƙe bindiga, sai da wasu 'yan dalilai kamar lasisin farauta, kuma dokokin fitar da fasahar makamai sun sa wasu makarantun ba sa karɓar baƙi. Rubuta musu, ka sami amsa a rubuce ko suna bayar da takardar I-20 ta neman biza.

A gida kuma, dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izinin hukuma ba, kuma takardar waje ba ta maye gurbin wannan izinin. Fara da kwas ɗin injiniyan kanikanci a Kaduna Polytechnic, ka ƙware a feƙe ƙarfe, sannan ka nemi aiki a DICON, kamfanin ƙera makamai na gwamnatin Najeriya da aka kafa a Kaduna a 1964, ko sashen kula da makamai na soja ko 'yan sanda.