Amsa ga mai tambaya kan aikin sa-kai a baje kolin tarihin Jos

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce kin ga sanarwar neman masu aikin sa-kai a wani baje kolin kayan tarihi da zai nuna farkon garin Jos, kina so ki shiga, amma kina fargaba saboda ba ki karanci ilimin tono kayan tarihi ba, kuma ba ki san abin da za a sa ki yi ba. Na yi irin wannan aiki a nan Jos, don haka zan faɗa miki abin da na gani.

Rashin karanta fannin ba zai hana ki ba. Ba za a ba ki magirbi ki shiga rami ba, kuma da wuya a bar ki ki ɗaga wani abu mai daraja da hannunki, domin wannan aikin ma'aikata ne. Naki shi ne tarbar baƙi, rubuta sunayensu a rajista, jera 'yan makaranta, hana yara manna tafin hannu a gilashi, sannan, wanda ya fi duka nauyi, yin bayani. Yawancin rubutun da ke jikin akwatunan da Turanci yake, alhali mutane da yawa daga cikin masu shigowa, Musulminsu da Kiristansu, da Hausa suka fi jin daɗin tambaya. A nan ne za a ga amfaninki. Ki dai tambaya tun farko ko akwai kuɗin mota, kuma ki nemi takardar shaida idan an gama. Ki zo da rigar sanyi da takalmin da za ki iya wuni a tsaye da shi.

Abu na farko da ya kamata ki riƙe shi ne garin Jos da muka sani yaro ne idan aka kwatanta shi da ƙasar da yake zaune a kai. Haƙar kuza ce ta tara shi a farkon ƙarni na 20, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, layin Kafanchan ya biyo baya a 1927. Amma mutum ya daɗe ƙwarai a kan wannan tsauni: an samu makaman dutse na zamanin farko a Mai Idon Toro, kuma a kogon dutsen Rop, wajen Barikin Ladi, an tono ƙananan duwatsu masu kaifi da mafarauta suka fasa. Kuzar nan kuma ita ce silar fitowar yawancin kayan, domin leburori ne suka riƙa cin karo da su a cikin yashin da suke wankewa. Haka aka tsinci kan mutum-mutumin yumɓu na farko a ƙauyen Nok a 1928. A 1943 aka samu wani kusa da garin Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonarsa ta doya don ya tsorata masu yi masa ɓarna, har labarin ya kai ga Bernard Fagg, wani jami'in mulkin mallaka da ya karanci fannin. Shi ne ya lura cewa kawunan salo ɗaya ne, ya sa musu sunan Nok, kuma shi ya kafa gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952.

Ki kula da wani ruɗani da za ki sha ji. Baƙi da yawa suna zaton Nok wata unguwa ce a Filato. Nok tana ƙaramar hukumar Jaba a kudancin jihar Kaduna. Kayan sun taru a Jos ne saboda nan ce cibiyar harkar kuza kuma nan aka gina musu ɗaki. Haka ma Taruga, wani wurin da aka samu kayan Nok, inda aka tono murhunan narka tama a shekarun 1960, tana kusa da Abuja.

Idan kin tsaya gaban kan Nok, kada ki fara da shekaru. Ki sa mai kallo ya matso ya dubi idon, wanda yake kamar kusurwa uku da huji a tsakiya, ya dubi hujin hanci da na baki, da kitson da aka yi wa kan da duwatsun adon da ke wuya. Daga nan ki gaya masa cewa cikinsa rami ne, an gina shi ne zagaye-zagaye yadda ake ginin tukunya, sannan aka gasa. Na ga wata dattijuwa, wadda ta ce mahaifiyarta maginiya ce, ta sunkuya tana duban ƙwayoyin tsakuwar da ke cikin yumɓun, ta bayyana wa jikokinta dalilin da ake haɗa su a ƙasa don kada abu ya tsage a wuta, bayanin da ya fi wanda ke kan allo kyau. Irin wannan baƙo ki yi shiru ki saurare shi.

A ganina, akwatin tsingaro da kashin maƙera, wanda kowa yake wucewa da sauri, ya fi kawunan ba da labari. Masu bincike daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, da suka fara aiki a yankin Nok a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, sun nuna cewa al'adar Nok ta faro tun wajen shekara 1500 kafin Miladiyya, cewa mutanen sun noma gero da wake, kuma a 2021 aka sanar da gano alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. Yaro ba ya damuwa da shekara dubu uku, amma idan kika ce masa waɗannan mutane gero suke ci suna shan zuma, nan take za ki ga ya tsaya. Idan an tambaye ki yadda aka san shekarun, ki ce gawayi da ƙonannun ƙwayoyin hatsi da aka samu tare da kayan ake aunawa a ɗakin gwaji, shi ya sa abin da aka sato daga rami ba tare da an rubuta inda yake kwance ba ya yi asarar rabin labarinsa.

Tambayoyi biyu ne za su gwada ki. Ta farko: "Waɗannan ba gumaka ba ne?" Kada ki yi gardama, kada kuma ki yi dariya. Gaskiyar magana ita ce masu su ba su bar rubutu ba, masana suna danganta wasu da bukukuwa ko wuraren binne mamata, mu kuma ba mu ajiye su don bauta ba, mun ajiye su ne a matsayin shaidar fasahar mutanen da suka rayu a wannan ƙasa. Mafi yawan masu tambayar sukan gamsu da haka idan an faɗa da ladabi.

Ta biyun ta fi wuya, kuma a Jos ba wasa ba ce: "To, su wa suka fara zama a nan?" Wani yana so ki ce Birom, wani Anaguta, wani Afizere, wani kuma yana jiran ki ambaci kakanninsa da suka zo haƙar kuza suka kafa unguwanni da kasuwanni. Kin san abin da wannan tambaya ta jawo wa garinmu. Ki faɗi abin da baje kolin ya rubuta game da kowace al'umma, ki tsaya nan. Tsingaro da gatarin aradu ba su ɗauke da sunan ƙabila, kuma babu wata hujja da ta haɗa masu fasa duwatsun Rop ko maginan Nok kai tsaye da wata al'umma guda ta yau. Na ga wani mai sa-kai, don ya burge baƙi, ya yanke hukunci a kan haka, sai da babban ma'aikaci ya zo ya kashe wutar. Idan magana ta fara zafi, ki miƙa mai tambayar ga ma'aikaci.

Lokaci-lokaci kuma wani zai ja ki gefe ya ce ya tono irin wannan a gonarsa, nawa zai yi? Kada ki ambaci farashi ko da wasa. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta haramta cinikin irin waɗannan kaya ga wanda ba a amince masa ba, da fitar da su waje ba da izini ba, kuma satar kawunan Nok ta lalata wurare masu yawa. Ki roƙe shi kada ya ƙara tona wurin, kada ya wanke abin, ki kai shi ofis.

Kafin ranar farawa, ki je gidan tarihin a matsayin baƙuwa, ki zagaya ɗakin tukwane da filin gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya, ki saurari tambayoyin da mutane suke yi wa masu jagora, ki rubuta su, sannan ki gwada amsa su da Hausa a gida ga wani yaro. Idan kin samu jadawalin horon da za su ba ku, ki turo shi nan mu duba tare.