Maigidana ya koma kallon katun da wasan yara, shin shafar aljanu ce?

Tambaya: Likita, maigidana shekararsa 41, ma'aikaci ne, yaranmu huɗu. Tun rasuwar mahaifinsa bara, da ya dawo daga aiki sai ya zauna kallon katun ɗin nan na kyanwa da ɓera yana ta dariya. Ya sayo na'urar wasan gem ta PlayStation, har motar kara ya haɗa wai ta yara ce, alhali shi ke tura ta. Surukata ta ce aljani yaro ne ya shige shi, ta samo mai magani da zai yi masa turare. Ni kuma tsorona kada ya zama taɓin hankali. Daga wata baiwar Allah, Zariya.

Amsa: Allah ya jiƙan surukinki, ya ba ku haƙuri. Malama, kwantar da hankalinki, amsar tana cikin tambayarki, inda kika ce "tun rasuwar mahaifinsa". Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abu shi kaɗai, da yanayin da aka gan shi take haɗa shi. Wannan katun ya kalle shi ne lokacin da babansa ke raye, ba kuɗin haya a kansa, ba cefane. In ya kunna shi, wancan zamanin yake leƙawa. A 1688 wani likita, Johannes Hofer, ya rubuta wannan kewa a matsayin cuta, bayan nazarin 'yan Suwizalan da begen gida ya kwantar a ƙasashen waje. Yau kuwa mun fahimci tana rage kaɗaici da raɗaɗin rashi. Wasan gem ma yana ba babba abin da duniya ke hana shi: ƙa'ida a fili, in ka faɗi ka sake. Wa ya taɓa kiran dattawan da ke dara a gindin bishiya mahaukata?

Maganar mai turaren nan ita ce ta tayar mini da hankali, domin kusan kullum sai na ga ƙarshenta a asibiti. Ban musanta samuwar aljanu ba, kuma ban hana kowa addu'a ba. Abin da na gaji da shi shi ne mutumin da bai tambayi majinyaci ko yana barci ba, bai tambayi me ya rasa ba, daga kallo ɗaya ya faɗi sunan aljanin, da garinsu, da kuɗin rago. A turara wa mutum hayaƙi a rufaffen ɗaki har numfashinsa ya sarƙe, a ɗura masa jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, in ya ce lafiyarsa ƙalau a ce aljanin ne ke gardama, a ɗauko bulala. To ta ina zai kuɓuta? Na karɓi mutane da tabon mari a ƙafa, waɗanda farkon matsalarsu baƙin ciki ne kawai, dukan da wulaƙancin su suka kai su ga cutar gaske. Kin dai tuna Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu a ɗaure da sarƙa. Yawanci danginsu ne suka kai su, da kyakkyawar niyya irin ta surukarki. Kuma magidanci da aka yi wa tambarin "mai aljanu" a unguwa, ya rasa girmansa a idon 'ya'yansa da abokan aiki, wannan turare ba ya wanke shi. Wai wasa alamar shaiɗan ce? Nana A'isha tana da 'yan tsana a ɗakin Manzon Allah (SAW), har da doki mai fukafukai, ya gani ya yi dariya, kuma ya yi tseren gudu da ita.

Ga abin da ya kamata ki lura da shi. In wasan ya fara hana shi zuwa aiki, ko salla, ko yana cinye kuɗin cefane, kuma ya kasa dainawa, wannan kamu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan gem cikin jerin cututtuka a 2019, kuma yawanci sai an ga hakan na tsawon wata 12. In ya daina barci da cin abinci, ya guji mutane, yana zancen mutuwa, ko halinsa ya juye yana abin kunya a bainar jama'a yana mantuwa, kada a jira. Ku tafi sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.

In babu ko ɗaya, ki zauna kusa da shi ki tambaye shi wa ya koya masa haɗa motar kara. Ina kyautata zaton sunan marigayin zai ambata, ki bar shi ya yi magana. Surukarki kuma kada ki yi jayayya da ita, ki nemi wan maigidan ko kawunsa ya lallashe ta a dakatar da mai turaren.