Tambayoyinku: Dangin miji sun ce ni miskila ce

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni amarya ce, gidan yawa aka kai ni, ga uwar miji ga facaloli biyu. Tun a gidanmu ba ni da yawan magana, in na je suna ko biki ina dawowa sai in ji kamar an min duka, in shige ɗaki in kwanta. Yanzu an fara cewa girman kai gare ni, har Hajiya ta yi wa maigida magana. Wallahi ba raini ba ne. Ko ciwo ne?
'Yarki daga Zariya

Amsa: Wa alaikis salam 'yata. Yadda kika kwatanta ɗin nan ni ban ga ciwo ba, hali ne. Mai kunya tana son shiga hirar, tsoron abin da za a ce ne ke riƙe ta. Ke kuwa ba tsoro kika ambata ba, gajiya kika ce, wato hayaniya ce ke cinye miki ƙarfi sai kin kaɗaita kike dawowa daidai. Tun 1921 Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, ya yi rubutu kan irin wannan bambanci na mutane. Ko da ma kunyar ce, ai Manzon Allah (SAW) ya ji wani mutumin Madina yana yi wa ɗan uwansa faɗa kan kunya, ya ce ya ƙyale shi, kunya tana cikin imani.

Amma fa Hajiya ba ta ganin zuciyarki, ƙofa a rufe take gani, kuma a gidan yawa ƙofa a rufe magana ce babba. Hira ba dole ba ce, gaisuwa kam dole ce. Kullum da safe ki je ki durƙusa ki gaishe ta, ki tambayi ƙafa ko ciwon da take fama da shi, ki ɗan zauna ko minti goma ne, in kin tarar ana tsintar shinkafa ko gyaran zogale ki ja faranti ki sa hannu, mai aiki a hannu ba a cika damunsa da sai ya yi surutu ba. Ranar biki ma ki karɓi zuba abinci, an gan ki, kin yi hidima, in kin sulale da la'asar ba mai cewa komai. Cikin facalolin ki zaɓi guda wadda jininku ya haɗu, ita za ta riƙa kare ki a bayan idonki. Shi kuma maigida, shi ya kamata ya faɗa wa mahaifiyarsa cewa haka kike tun a gida, daga bakinsa zai fi shiga.

In kuwa akwai abin da ba ki faɗa ba, kamar bugun zuciya, zufa, rawar murya in za ki yi magana cikin mutane, har kina ƙin fita saboda tsoro wata shida ko fiye, toh wannan daban ne kuma ana maganinsa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna bai yi miki nisa ba, ki ce maigida ya raka ki.