Farin abin sha mai kama da kunu a wurin aiki a Osaka

Wani ɗalibi da ke karatu a birnin Osaka na ƙasar Japan ya rubuto cewa yana aikin wucin gadi a gidan cin abinci, inda abokan aikinsa suka miƙa masa wani farin abin sha mai kauri da suke kira nigori, suka ce masa ruwan shinkafa ne kawai. Yana tambaya ko giya ce, da kuma makomar takardunsa idan ya bar aikin.

Ɗan'uwana, giya ce, kada kamanninta da kunun shinkafa ya ruɗe ka. Ana turara shinkafa a barbaɗa mata wata fumfuna da Japanawa ke kira koji, wadda ke mayar da sitacinta sukari, yis kuma ya mayar da sukarin barasa, duk a mazubi guda har tsawon makonni. Wannan giyar shinkafa ita Japanawa ke kira sake. Sake na yau da kullum ana tace shi har ya yi garau, ita kuwa nigori da rariya mai manyan idanu ake tace ta, shi ya sa gasarar shinkafa ke kwanciya a gindin kwalba, sai an juya kwalbar a hankali kafin a tsiyaya. Barasar cikinta takan kai wajen kashi 15 cikin 100, zaƙinta ne ke ɓoye ƙarfin, kuma saboda zaƙin nan ne masu shanta ke haɗa ta da abinci mai yaji ko soyayyar kaza.

Wataƙila abokan naka sun rikita ta da amazake, wanda shi ma fari ne. Wanda aka yi da shinkafa da koji kawai galibi babu barasa a cikinsa, amma wanda aka dama da dusar da ta rage bayan matse sake yana ɗauke da 'yar kaɗan, kuma dokar Japan ba ta kiran abin sha giya sai barasarsa ta kai kashi 1. Abin da ya fi kamata ka sa wa ido ma shi ne mirin, wanda ake zubawa a miya da romo, domin na asalinsa yana da barasa kusan kashi 14.

Hadisi ya haɗa mai ɗaukar giya da mai shayar da ita cikin la'ana, saboda haka ka roƙi maigidanka cikin ladabi ya mayar da kai wanke-wanke ko yankan kayan miya. Idan ya ƙi, barin aikin ba zai taɓa bizarka ba, domin makarantarka ce ginshiƙin zamanka. Izinin aikin da aka buga a bayan katinka na zama bai ɗaure ka da wuri guda ba, sharaɗinsa kada ka wuce awa 28 a mako idan an haɗa duk ayyukanka, kuma kada ka shiga wurare irin su gidajen caca da injuna da ake kira pachinko. Kafin ka ajiye, ka sami wani aikin a hannu, sannan ka sanar da gida cewa kuɗin watan zai iya jinkiri.