Tambayoyi da amsoshin lafiya: wayar hannu da ƙwaƙwalwar da ba ta zama wuri ɗaya

Tambaya: Likita, ɗinki nake yi a Zariya, kuma ta WhatsApp ake aiko mini da yawancin aiki. Sai in ɗauki waya don in duba awon wata, kafin in farga na shafe awa guda a TikTok, ga dutsen guga a jone. Tun ina firamare ake ce mini sarkin shiririta. Lalaci ne ko ciwo?

Amsa: 'Yar'uwa, malalaciya ba ta kwana da damuwar aikin da ba ta gama ba. Abin da kika faɗa ya yi kama da ADHD, wato yanayin da ƙwaƙwalwa ke shan wahalar tsayar da hankali da jera ayyuka. Halitta ce, kuma sau da yawa gado ne. 'Yan mata sukan girma ba a gane ba, saboda ba su cika tsalle-tsalle a aji kamar maza ba, sai dai a ce sun cika mantuwa.

Amma ba a tabbatar da shi ta wasiƙa. Sai an ga alamun sun faro kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata 6, kuma suna bayyana a wuri fiye da ɗaya. Ƙarancin jini, rashin barci da ciwon damuwa ma kan kawo irin wannan, don haka ki je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a duba ki. Zuwa can ba hauka ba ne.

Kafin nan, ki sauke wa kanki kayan tunawa. Ki sami littafin awo guda ɗaya, ki ɗaure shi da igiya a jikin keke. Duk aikin da ya shigo, ki rubuta shi da ranar karɓa kafin ki ba da amsa. Ki kashe ƙarar sanarwar manhajoji, domin don su janye hankali aka ƙera su, naki kuwa da ma mai saurin janyuwa ne. Salloli biyar sun riga sun raba miki yini: duba saƙonni bayan Azahar da bayan Isha'i, sauran lokaci waya na cikin jaka. In za ki saita ƙararrawa, ki sa mata suna, kamar "yanke shaddar amarya", don kada ta kaɗa ki rasa ta mece ce.

Tambaya: Ɗana mai shekara 4 an ce yana da autism, abin da wasu ke kira galahanga. Ba ya natsuwa sai da waya, in na karɓe ya yi ta birgima. Surukata ta ce wayar ce ta jawo masa.

Amsa: Maman yaro, ki kwantar da hankalinki, ba ke kika jawo ba. Waya ba ta haifar da autism, allurar rigakafi ma haka. Sai dai wayar takan cinye lokacin da zai yi wasa da magana da mutane, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 'yan shekara 2 zuwa 4 kada su wuce awa ɗaya a rana gaban allo. Irin waɗannan yara sauyin bazata ne ke ɗaga musu hankali. Kada ki fizge. Ki ce masa saura minti biyar, ƙararrawa ta kaɗa, sannan abin da yake so ya biyo baya, ko wasan ruwa ko jera murafen kwalba. Ki liƙa hotuna a bango bi da bi: wanka, koko, makaranta, waya. In yana ganin abin da ke tafe, birgimar kan ragu.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, jarrabawa ta ƙarato. Abokina yana shan Ritalin, in karɓi nasa?

Amsa: A'a, ɗana. Maganin yana taimakon mai ADHD ƙwarai, amma yana ƙara bugun zuciya da hawan jini, yana hana barci da cin abinci, kuma likita kan auna mutum kafin ya rubuta masa. Ka kai wayarka wani ɗaki, ka yi karatun minti 25, ka huta 5, ka zauna kusa da wani mai karatu. In har haka bai yi ba, ka zo asibiti a duba ka.